Mahadi, Mai Tambayar Shamuwa a Ikko

Duk wanda ya ce maka Mahadi ɗan Bawa mai fito malalaci ne, ka fara duba tafin hannun mai maganar, sannan ka je ka dubi na Mahadi. Ni na san shi tun yana cikin tsumma. Kakarsa ta wajen uwa yayata ce, ciki ɗaya, kuma tun da ta rasu nake zaune gidan uwarsa Saude a nan Bungudu, ƙofar ɗakina na kallon tasa. Saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin rijiya na tsinto shi ba.

Ubansa Bawa fito yake yi. In damina ta yi nisa gulbi ya kawo, mutanen ƙetare masu ƙyashin zagayawa ta gada sai su zo wurinsa. Yana da wata ƙatuwar gora, ya kifa ƙirjinsa a kai, ya ɗaure kayan mutum a ka, mutum ya riƙe wuyan gorar, shi kuma yana tuƙi da hannuwa har su fita can. Yaron nan bai gama iya ɗaure wando ba ya iya kwanciya a kan gora. Saude ta yi kuka, ta yi duka, ta gaji. Bawa kan ce mata ta bar shi, ruwa ya san nasa. Shi ne kuma ya sa wa yaron ƙaiƙayi a zuci, don kullum sai ya nuna masa gulbin ya ce, "Wanga ruwa da kake gani ba nan yake kwana ba. Yana tahiya har ya faɗa wani, wanin ya faɗa wani, har teku." Bawa bai taɓa wuce Gusau ba, Allah ya jiƙansa, amma bakinsa ya je ko'ina.

Da ya rasu, gonar gidan ta koma ƙarƙashin ƙanensa Zakari, don ba a raba gado ba. Zakari ya yanka wa Mahadi gefen da ubansa ke nomawa, wata jigawa mai kyau da ke ba da gero kamar an roƙe ta. Da ita Saude ke ci, da ita nake ci. Yaron kuwa noma yake yi na gaske. Daga shuka har a kai amfani rumbu ba ka ganinsa a dandali, ba ka ganinsa a teburin mai shayi. Amma ranar da aka liƙe bakin rumbu, to ƙafarsa ta fara magana.

Yana da wata jakar goyo da ya saya a gwanjo a kasuwar Gusau, ta sha ɗinki har ba a san asalin launinta ba. Riga biyu, wando biyu, buta, 'yar darduma, allura da zare, sabulu, 'yar waya, sai guzuri. Ke nan dukiyar. Sa'o'insa na tafiya cin rani su dawo da rediyo da atamfa, shi sai ya dawo da baƙin wuya da labari. Ya hau dutsen Kwatarkwashi, ya kwana Yawuri wurin masunta, ya je har inda aka datse Kwara ya gani da idonsa. Ba ya roƙo, ba ya kwana masauki. Masallaci ko rumfar tasha, ya shimfiɗa darduma, ya yi matashi da jaka. In yana son mota sai ya je wurin direba ya ce, "Malam, zan yi lodi, zan yi sauke, in taya ta fashe ni ne, ka rage mini hanya." Wane direba ne zai ƙi?

Na taɓa ce masa, "Kai angon banza, kowace mace mijinta na kawo mata turmin atamfa, ni sai tatsuniya?"

Ya ce, "Amarya, turmi yagewa yake yi. Labarin da na ba ki bara ya yage?"

"Ya koɗe dai. Sau nawa kake maimaita shi?"

Haka muke da shi, jika da kaka, ba mai raga wa wani.

To, shekarar da ya je Yawuri ya makara. Aka yi ruwan shuka ba ya nan, sai da ƙasa ta fara shan iska ya iso, geron ya fito tsalli-tsalli, shekarar muka ci tuwo da lissafi. Saboda haka da kaka ta zagayo ya ce wannan karon teku zai je gani a Ikko, Zakari ya zo gidan da kansa, ya zauna kan turmi, ya ƙi shan ruwan da aka kawo masa.

Ya ce, "Mahadi, ban hana ka yawo ba, ƙafarka ce. Amma gona ba ta jiran mai yawo. Safiyar da aka tashi da ruwan shuka, in ban ga sungumi a hannunka ba, na ba Sabiru gonar, kuma ba aro ba. Inna, ke ce shaida."

Sabiru ɗansa ne, ya yi aure, yana neman ƙarin wuri. Ban ga laifin Zakari ba, ko da yake ban faɗa masa ba, kada kansa ya yi girma. Mahadi ya sunkuyar da kai ya ce ya ji, ya yarda. Saude ta shiga ɗaki ta rufo ƙofa.

Ni na yi masa guzuri: hoce mai kauri wanda zai yi kwanaki bai lalace ba, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da yaji. Ya samu tirelar shanu da ke tashi daga Gusau. Ka san in an loda shanu ana son samari su hau sama, duk saniyar da ta faɗi a hanya su ja wutsiyarta su tayar, kada 'yan'uwanta su tattake ta. Da wannan aikin ya biya kuɗin motarsa har Ikko. Ya ce ya isa yana warin da ko ƙuda ya gaji da shi.

Ya yi tambaya, aka nuna masa inda ake shiga kwale-kwale mai inji zuwa wani tsibiri da ake kira Takwa, inda teku take a fili ba gini ya tare ta. Ya ce da ya tsaya a bakinta sai ya nemi ƙetare ya rasa. Duk ruwan da ya sani yana da can, yana da nan. Wannan ba ta da can. Kuma ba ta tafiya gabas ko yamma kamar ruwan kirki, sai dai ta taso ta zo ta mari ƙasa ta koma, ta sake tasowa, yini guda ba gajiya. A kan waɗannan raƙuman ruwan ne ya hango samari tsaye, kowanne a kan wani dogon allo, ruwa na gudu da su suna karkacewa kamar masu sukuwa. Ya ce sai da ya murje ido.

A nan ɗan Bawa ya yi wautar da sai ɗan gulbi zai yi. Mu a nan, in rani ne, inda ruwa ya tsaya da safe nan za ka same shi da yamma, nan za ka same shi jibi. Gulbi ba ya ƙaruwa sai an yi ruwan sama. Yaron ya dubi sama, ba hadari ko na rantsuwa. Ya dubi yashi, busasshe ƙamas. Ya taka ya yi nisa da bakin ruwa gwargwadon abin da ubansa ya koya masa, ya tona rami ya binne jakarsa saboda ɓarayi, ya kafa kara a kai don shaida, ya tafi can gefe kallon masu allo, har ya shiga ya ɗan taɓa iyo. Ashe ita teku kullum sai ta cika ta janye, ta sake cika ta sake janyewa, ba ruwanta da rani ko damina. Ko da ya dawo la'asar, inda ya kafa kara ruwa ya kai ƙugu. Ya nutsa ya tona, ya tona, har yatsunsa suka yi jini. Jaka, waya, ɗan abin da ya ƙulle na komowa, hocena, duk ta haɗiye. Ya ɓoye wa ɓarawo ya miƙa wa uwar ɓarayi. Baƙo ko idonsa ya kai faranti makaho ne.

Wani Bayarabe mai suna Dele, wanda ke da rumfar gyaran allunan nan yana kuma ba da hayarsu, shi ya tsaya yana kallonsa yana dariya har da riƙe ciki. Da ya gama dariyar sai ya saya masa shinkafa. Ka ji ɗan halak. Mahadi ya ci, ya yi godiya, ya ce shi ba ya cin na banza, a ba shi aiki. Da ɗan Turancin tasha da nuni da hannu suka daidaita: zai riƙa ɗauko alluna da safe, ya wanke, ya goga musu kakin zuma don kada ƙafa ta zame, ya share rumfa, ya kwana a ciki yana gadi. Dele zai ba shi abinci da ɗan na sabulu, in kuma ba baƙi ya ɗauki wani tsohon allo da ya taɓa karyewa aka ɗinke, ya shiga ruwa.

Wurin kwanciya a kan allo da tuƙi da hannu, ba wanda ya koya masa komai. Gorar ubansa ce aka miƙar. Samarin wurin suka ga Bahaushen da suke zaton ko kwata bai taɓa tsallakawa ba ya wuce su fit, ya je bayan inda ruwa ke fashewa ya zauna yana jiransu. Amma miƙewa tsaye, nan aka yi ta. Mai fito duk rayuwarsa ana ce masa manne ƙirjinka, kada ka ɗaga, in ka ɗaga gora ta juye. Yanzu an ce in raƙumi ya ɗauke ka ka zabura ka tsaya. Jikinsa ya ƙi. Ya ce ya sha ruwan gishirin da zai isa miyar gidan biki, allo ya fasa masa leɓe, igiyar da ake ɗaure allon da ita a ƙafa kamar akuya ta sha naɗe shi. Suna yi masa ihu, "Malam, tashi! Tashi!" shi kuwa yana tafe a kwance kamar kada. Ko kaɗan bai yi fushi ba. Asuba ya yi salla a kan yashi, ya saka wandonsa mai wuce gwiwa, don bai yarda ya yi ɗan kamfai irin nasu ba, ya koma. Ran da ya tsaya, ya ce bai san ya tsaya ba, sai jin iska ya yi a ƙirjinsa inda allo ya saba zama. Ruwa ya kawo shi har gaɓa a tsaye. Ya ce ubansa ya tuna, ya juya baya kada a ga idonsa.

Mu a gida shiru, waya ba ta shiga. Lambobi duk suna cikin wayar da teku ta ci, ko ta uwarsa bai riƙe a ka ba, yaran yanzu ke nan. Saude ta rame. Sai can wani direban albasa ya aiko yaron motarsa daga Gusau da saƙon baki: Mahadi na gaishe ku, yana lafiya, ruwa ya tafi da jakarsa, yana aiki, kuma bai manta maganar Baba Zakari ba. Da aka faɗa wa Zakari sai ya ce, "Aikin mi?" Aka ce wai hawan ruwa. Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a. Sabiru, ka gyara sungumi."

Yadda aka yi ya samu direban nan shi ne abin da ya sa nake wannan dogon zance. Ruwan Ikko ba ya bin ƙa'idar namu. Tun muna fama da zafin bazara su can sun fara sha. In ya bi ruwansu ya dawo da wuri ya zauna banza, ga shi bai tara abin hanya ba. In ya yi sakaci kuma gona ta tafi. Ba waya, ba mai faɗa masa. Sai ya tuna abin da kowane ɗan ƙauye ya sani: shamuwa ba ta ƙarya. In ta sauka ta fara ɗaukar kara tana gyara sheƙa a kan tsamiya, to ruwa na bayanta. Ikko kuwa ba shamuwa. Saboda haka duk Juma'a sai ya shiga kwale-kwale ya ƙetare, ya yi salla, ya taka har kasuwar da motocin Arewa ke sauke albasa da tumatir, ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Sannu da hanya, direba. Daga ina?"

"Gusau."

"Don Allah an ga shamuwa?"

Ka ji fa. Mutum ya kwana biyu yana fama da ramuka da masu karɓar na goro, ya iso a gajiye, a tare shi da tambayar tsuntsu. Wasu su zage shi, wasu su ce taɓaɓɓe ne. Har suka sa masa Mai Shamuwa, in sun hango shi su fara kaɗa hannuwa kamar fiffike. Amma ɗan Adam, tun suna dariya har suka koma in sun wuce Tsafe suna ɗaga kai su dubi itatuwa saboda shi.

Ana cikin haka aka shirya wata 'yar gasa a tsibirin, ta masu hawan allo, har da baƙi daga wasu ƙasashe. Dele ya sa sunansa cikin sababbin hannu, yana ta cika baki da Bahaushensa. Ya ma ce masa in ya zauna zai mayar da shi mai koya wa baƙi, ya daina shara. Gasar ranar Asabar ce. Ranar Juma'a Mahadi ya je kasuwa kamar kullum, wani direba ya hango shi tun daga nesa ya ɗaga murya, "Mai Shamuwa! Matarka ta iso! Shekaranjiya na gan su a tsamiyar bakin tashar Tsafe, har sun fara gini, gabas kuma ta yi baƙi."

Motar za ta juya washegari da hantsi, an loda mata manja. Na tambayi Mahadi daga baya, na ce, "Tsakaninka da Allah, ba ka yi tunanin ka ƙara kwana ɗaya ba?" Ya ce, "Amarya, na yi. Har na ce shamuwa ai takan yi kwanaki kafin ruwa. Sai na tuna na taɓa cewa yashi busasshe ne." Ya koma tsibirin ya faɗa wa Dele. Dele ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya ce wane irin mutum ne zai bar teku saboda tsuntsu. Da ya ga ba sauyi, sai ya ɗauko tsohon allon nan mai ɗinki ya aza masa a ka, ya ce ya je, in ya cika ɗa ya dawo da shi baɗi. Da safe, sa'ad da ake kiran sunaye a bakin ruwa, ɗan Bawa na kan jarkokin manja, rungume da allo.

Mu ma nan mun ga shamuwa. Saude ta fiddo iri ta sheƙe ta zuba a ƙwarya, kullum tana leƙen hanya. Ranar Litinin da magariba hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, irin wanda in ka tona ƙasa har gwiwar hannu laima ce. Ba Mahadi. Ashe a lokacin yana Tsafe. Direban ya ce shi ba ya bin hanyar nan in rana ta faɗi, kowa ya san dalili, ko uwarsa ce ke naƙuda a Gusau sai gari ya waye.

Da sassafe na ce wa Saude ta ɗauki ƙwaryar iri. Na ja sandata muka tafi gona, na samu tsakiyarta na zauna daram. Ba a jima ba sai ga Zakari, Sabiru na biye da sungumi a kafaɗa.

"Inna, ina kwana? Mi ya fito da ke cikin laima?"

"Shaida ka sa ni, na zo shaida."

"To kin gani. Ba ya nan."

"Cewa ka yi safiya. Safiyar gidanku da fitowar rana take ƙarewa? Mu tamu har hantsi."

"Inna, ƙasa na shan iska."

"Ta sha. Ni ma ina sha, ban mutu ba. In kana sauri ka sa ɗanka ya sare ta kaina, in ya so in tsiro."

Sabiru ya kasa riƙe dariya, uban ya harare shi. Na shiga ba Zakari labarin ranar da aka yi masa kaciya da irin ihun da ya yi, ban rage komai ba. Yana tsaye yana sauya ƙafa, ba dama ya ɗaga ni, ba dama ya tafi. Amma rana ba ta jin tatsuniya. Ta ɗago, inuwata ta fara gajarta, maƙwabta sun yi nisa da shuka, labarina kuma ya ƙare. Saude ta ajiye ƙwaryar ta zauna ta rufe fuska da mayafi. Zakari ya ce a hankali, "Inna, hantsin ma ya yi." Na miƙa wa Sabiru hannu ya tashe ni.

Sai muka ji kukan babur ɗin kabu-kabu a kan burtali, yana tafe yana zamewa cikin laka. A bayan mai tuƙin wani baƙin mutum ne ɗauke da wani dogon abu fari a ka. Matan gonar kusa suka fara salati, sun zaci makara ce. Ashe Mahadi ne, bai biya gida ba, bai sha ruwa ba. Ya diro, ya jingina allon a jikin ƙirya, ya durƙusa gaban Zakari, riga duk manja.

"Baba, ina kwana. Na same ku lahiya?"

Zakari ya dube shi tun daga sama har ƙasa, ya dubi allon, ya dubi rana. Sannan ya ce, "Na ce in ga sungumi a hannunka. Ina yake?"

Hannun Mahadi wayam. Nasa na gida, a rataye. Kafin wani ya yi magana, Sabiru ya sauke na kafaɗarsa ya miƙa masa, ya ce, "Riƙe, ɗan'uwa. Dama nauyi yake mini." Yaron nan Allah ya yi masa albarka, bai biyo bakin ubansa ba.

Zakari ya yi tsaki ya juya, ya taka kaɗan, ya waiwayo ya ce, "Baɗi ma sharaɗin na nan." Mahadi ya ce ya ji. Ya fara sara, Saude na biye tana jefa iri tana rufewa da diddige, tana kuka tana yi masa faɗan ramar da ya yi. Kafin azahar Sabiru ya koma gida ya ɗauko ɗayan sungumin, suka gama tare.

Da yamma ya kawo mini tsarabata, ruwan teku a gorar roba. Na kurɓa na tofar. Na ce, "Wannan ka bar uwarka ta rame a kai? Miyar da ƙazama ta cika wa gishiri?" Ya ce ai ba sha ake yi ba, hawa ake yi. Na ce to ya hau.

Geron shekarar ya yi kyau, ba na ce ya fi na kowa ba. Allon yana rataye a zaure har aka liƙe rumbu, yara na zuwa taɓawa. Da kaka ta wuce ya sayi wata jakar a gwanjo, na yi masa hoce, ya aza allon a ka ya mayar wa Dele, don cewa aka yi ya dawo da shi. Yanzu ya sake yin waya, ya kuma haddace lambar uwarsa, na sa ya karanta mini ita har na gaji. Duk da haka direbobi sun ce har yau ranar Juma'a sai ya zo kasuwa ya yi tambayarsa. Wai waya na iya mutuwa.